In Fata Ta Yi Bore Bayan An Daina Shafa Magani

Akwai tambayar da iyaye mata suke yawan kawo mana a nan Mashi, musamman in hunturu ya kama. Sukan ce akwai man da suke shafawa, ko suke shafa wa yaro. Muddin ana shafawa fata tana nan lumui, amma da an daina kwana uku ko huɗu sai ta ɗauki zafi kamar an zuba mata barkono. Suna so su sani ko wannan alama ce cewa jikin ba zai iya zama ba sai da man. Waɗansu kuma sun ji a waya wai ruwan 'ya'yan itace yana wanke jini, ya fid da cutar tun daga saiwarta, suna tambaya ko su sayi injin markaɗe.

Mu malaman makaranta ne, ba likitoci ba. Amma abin da likitocin fata suka gano a kan wannan al'amari ba asiri ba ne, ya kuwa kamata kowane gida ya san shi. Amsarmu a taƙaice ita ce: zafin nan sau da yawa man ne ya haife shi, akwai hanyar fita, amma tana da tsawo, ruwan 'ya'yan itace kuwa abinci ne mai kyau wanda ba ya gajarta hanyar.

Abin da ke cikin kwalin

Ku ɗauko kwalin man, ku duba ƙananan rubutun da ke gefensa. In kun ga an rubuta clobetasol, ko betamethasone, ko dexamethasone, ko hydrocortisone, to, akwai maganin da ake kira sitiroyid a ciki. Dermovate da Tempovate clobetasol ne. Betnovate betamethasone ne. Funbact-A da Skineal, waɗanda iyaye da yawa suke saya a kemis domin ƙurajen yara, haɗin magani uku ne: akwai na kashe ƙwayoyin cuta, akwai na kashe cuta irin ta makero, na ukun kuwa sitiroyid ne mai ƙarfi. Duk waɗannan magunguna ne na gaskiya, an yi su domin ciwo, a shafa na 'yan kwanaki a daina. Wanda ya fi ba da tsoro shi ne man haɗi, wanda ake zubawa a roba ba suna ba rubutu, domin mai shafawa ba ta da hanyar sanin abin da aka matse a ciki.

Jikin mutum ma yana yin nasa sitiroyid. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ba ta kai girman goro ba, ita ce take fid da shi cikin jini, ta fi yawaita shi da asuba. Shi ne yake riƙe ƙarfin jini da sukarin jiki, yana kuma kwantar da kumburi. A shekarar 1948 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata mata mai ciwon gaɓoɓi allurar irin wannan magani, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da waɗansu masana biyu. A 1952 kuma waɗansu likitoci biyu a birnin Niyok, Sulzberger da Witten, suka nuna cewa in an shafa hydrocortisone a fata yana kwantar da ƙaiƙayi da kumburi. Tun daga nan miliyoyin masu kirci suka sami barci. Mun kawo wannan tarihi ne domin kada wani ya karanta mu ya ɗauka sitiroyid guba ne. Mai asma da likita ya ba shi na shaƙa, da mai ciwon da likita yake duba shi, kada su taɓa maganinsu saboda wannan rubutu.

Amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Hydrocortisone shi ne mai sauƙi. Clobetasol ya fi shi ƙarfi sau ɗaruruwa, shi ya sa likitoci ba su so a wuce mako 2 zuwa 4 ana shafa shi, ba su kuma so ya taɓa fuska ko gindin jariri.

Dalilin boren

Sitiroyid yana matse ƙananan jijiyoyin jini na cikin fata, yana kuma hana sojojin jiki yin hayaniya a wurin. Ban da haka yana rage baƙin fata, wannan ne ya sa ya shiga cikin man bilicin. In an daɗe ana shafawa kullum, fata takan yi siriri har a ga jijiyoyi, nankarwa ta fito a hannu da cinya, ƙuraje da gashi su fito a fuska, ciwo kuma ya ƙi warkewa da wuri. Fatar takan saba da dannewar. Duk malamin da ya taɓa ganin ajin da aka riƙe da bulala kaɗai ya san abin da yakan faru sa'ad da mai bulalar ya fita: surutun yakan fi na dā. Haka jijiyoyin nan suke buɗewa gaba ɗaya in an janye man.

An daɗe ana gardama a kan wannan tsakanin likitoci, waɗansu suna cewa tsohuwar cutar ce kawai ta dawo. A watan Satumba na 2021 hukumar kula da magunguna ta Ingila ta fito fili ta gargaɗi likitocinta cewa abin yana faruwa, a 2024 kuma ta umarta a riƙa rubuta ƙarfin kowane irin man nan a jikin kwalinsa. Bisa ga bayaninta, babba yakan faɗa ciki bayan ya yi wata 6 ko fiye yana shafa mai ƙarfi, yaro kuwa ko wata 2 na shafawar kullum yana iya isa. Wanda ya shafa kwana bakwai bisa ga umarnin likita ya daina, ba shi da abin tsoro.

Ga yadda boren yake. Yakan fara cikin 'yan kwanaki ko makonni bayan an daina. Zafi da raɗaɗi sun fi ƙaiƙayi yawa. Yakan wuce inda ciwon farko yake, ya bazu zuwa wuraren da dā lafiya lau suke. Littattafan Turawa suna cewa fata takan yi ja, amma a jikinmu ja ba ya fitowa sosai, sai dai a ga wurin ya yi duhu ko toka-toka, ya kumbura, in an taɓa a ji ɗumi. Daga baya fata ta bushe, ta yi ta zuba kamar dusa a kan shimfiɗa, wani lokaci ta yi ta tsattsafo da ruwa. Ga masu shafawa a fuska yakan zo da ƙananan ƙuraje rututu. Mutum yakan ji sanyi ko da rana, barci ya gagara. Abin yana zuwa ne hawa-hawa: ya tashi, ya lafa, ya sāke tashi da sauƙi kaɗan. Waɗansu sukan fita cikin makonni, da yawa sai watanni, akwai kuma waɗanda suka wuce shekara. Ku riƙe wannan magana ta tashi da lafawa, za mu komo kanta in mun zo zancen ruwan 'ya'yan itace.

A fara da zuwa asibiti

Ba kowane ƙaiƙayi bayan daina mai ne boren sitiroyid ba, ido kuwa ba ya iya rabewa daga gida. Wataƙila kircin farko ne ya dawo, wanda yake bukatar magani daidai gwargwado. Wataƙila makero ne da man ya ɓoye: sitiroyid yana kashe ƙaiƙayinsa amma yana ciyar da shi, sai zoben ya ɓace, cutar ta mamaye cinya da ɗuwawu. A Indiya, inda aka yi ta shafa irin man nan mai haɗi uku, har wani sabon makero mai ƙin jin magani ya ɓullo, aka raɗa masa suna a 2020. In kuwa dukan gida suna susa da dare, ƙazuwa ce, sai an yi wa kowa magani rana ɗaya. Akwai kuma tabo mai haske wanda in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Kakanninmu da suka san Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1930 sun san ma'anar wannan tabo. Yau kuturta tana warkewa sarai, maganinta kuma kyauta ne, amma in an rufe ta da man kemis sai ta ci jijiya a ɓoye.

Saboda haka a tattara kwalaye da robobin duk abin da aka shafa, har da na kwalliya, a tafi da su asibiti. A faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar watannin da aka yi ana shafawa. Kunya a nan tana da tsada. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, za a iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano inda akwai likitocin fata. Likita ne zai yanke ko a daina gaba ɗaya, ko a sauko daga mai ƙarfi zuwa mai sauƙi a hankali. Yana da waɗansu magunguna marasa sitiroyid da zai iya bayarwa, na shafawa da na sha. In ya ce a ci gaba da shafa kaɗan, ga ma'aunin da likitoci suke koyarwa: abin da aka matso daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba.

Akwai wurin da dainawa farat ɗaya take iya kisa, muna roƙo a karanta wannan sau biyu. Wanda ya yi fiye da mako 3 yana shan ƙwayar prednisolone ko dexamethasone, 'yar halittar nan ta saman ƙoda takan yi barci domin ta ga ana kawo mata aikinta daga waje. In aka yanke ƙwayar dare ɗaya, jiki ya rasa na waje, ya rasa na ciki. Sai kasala, amai, jiri, jini ya faɗi, mutum ya suma. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa dexamethasone ne, kumburin fuska da suke kawowa kuwa alamar ciwo ce. Haka ma jaririn da aka daɗe ana shafa masa mai ƙarfi a ƙarƙashin kunzugu, domin fatarsa tana shanye maganin zuwa cikin jini. Irin waɗannan sai likita ya rage musu sannu a hankali.

Jinya a gida

Abin da fata mai bore take so shi ne a ƙyale ta. Wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, a taƙaice, ba soso. Sabulu kaɗan, a hammata da matsematsi kawai, marar ƙamshi. A ajiye sabulun magani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti, gama suna ƙara ƙona fatar da ta riga ta yi siriri. In an fito a ɗan dadanna jiki da tsumma mai laushi, tun da sauran laima a shafa man kaɗanya tsantsa ko farin basilin. Waɗansu a kwanakin farko ko man ma zafi yake yi musu. In haka ne a gwada a ɗan wuri tukuna, kada a tilasta. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa, a ɗora minti goma, yana kwantar da raɗaɗi ƙwarai. Tufafi su zama na auduga, masu yalwa. A yanke farce. In barci ya gagara, ma'aikacin lafiya yana iya ba da ƙwayar ƙaiƙayi ta dare.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: zane da zanen gado da suka sha basilin ko wani mai suna kama wuta da sauri, wanki kuma ba ya fid da man duka. A hunturu, sa'ad da ake jin ɗumi a bakin murhu ko a kai kaskon wuta ɗaki, mai jinyar fata ya zauna nesa. Mai girki ta ɗaure bakin zanenta.

Kada a shafa lemun tsami, ko tafarnuwa, ko toka, ko kanwa, ko man goge baki. Ruwan lemun tsami in ya taɓa fata rana kuma ta buge shi yakan ƙona wurin, ya bar baƙin tabo na watanni. Ƙaron mangwaro da ɓawonsa ma suna tayar wa waɗansu ƙuraje a gefen baki, sai a fere musu.

A koma asibiti ran nan, ba gobe ba, in an ga zazzaɓi, ko mugunya, ko ɓawo mai launin zuma, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa da suka fashe suka bar ramuka masu zafi, ko ido ya kumbura, ko yaro ya ƙi nono.

To, ruwan 'ya'yan itace fa?

Zancen ya taso ne daga nesa. Wani Ba'amurke mai suna Anthony William, wanda ba likita ba ne, ya fitar da littafi a 2019 yana cewa shan ruwan wani ganye da ake kira seleri da sassafe yana warkar da cututtukan fata da waɗansu da yawa. Maganar ta bi Facebook da WhatsApp ta zaga duniya. Da ta iso ƙasar Hausa sai ta sāke riga, ta zama zogale da kokwamba da citta da lemun tsami. Ba wani gwaji na likitoci da ya nuna cewa wani ruwan ganye ko na 'ya'yan itace yana warkar da boren sitiroyid. Wanke jini kuwa aikin hanta da ƙoda ne, suna yinsa dare da rana ba tare da an saya musu komai ba.

Me ya sa mutane masu gaskiya suke rantsuwa cewa ya yi musu aiki? Ku tuna da tashi da lafawa. Ba wanda yake fara sabon magani ran da ya ji sauƙi. Mutum yakan fara ne ran da abin ya kai maƙura, wato daidai lokacin da boren yake gab da lafawa da kansa. Bayan mako biyu ya ga sauƙi, ya yaba wa kofin. In boren ya sāke tashi sai a ce masa dattin ne yake fita, ya ƙara sha. Da irin wannan lissafi ko ruwan rijiya ma zai ci jarrabawa.

Duk da haka ba mu ce a zubar da kofin ba. Fatar da take gyara kanta tana bukatar bitamin C da bitamin A, mai tsattsafo da ruwa kuma yana bukatar abin sha da yawa, wanda ciwo ya hana shi marmarin abinci yakan iya kurɓar abu mai sanyi. Abin daɗin shi ne ba sai an nemi kayan Turawa ba. Gwaiba ta fi lemun zaƙi bitamin C wajen sau huɗu. Farin garin da ke cikin ɗan kuka shi ma yana da shi da yawa. Karas na noman rani, da mangwaro a bazara, da gwanda, da ganyen zogale a kwaɗo ko a miya, su ne masu ba da bitamin A. Kankana ba ta bukatar ruwa ko sukari.

Ba lalle sai da injin markaɗe ba, balle inda wuta take zuwa in ta ga dama. A wanke gwaiba biyu ko uku da ruwa mai tsabta, a yanka, a kirɓa a turmin da aka wanke da kyau, a zuba ruwan da aka tafasa ya huce, a tace da rariya mai manyan idanu domin ƙwallayen kawai su tsaya. Garin kuka a jiƙa shi a ruwan da ya huce, kada a dafa, gama zafi yana lalata bitamin C. A sha nan take. Abin da ya wuni a zafin bazara ba firji, na zubarwa ne. Mu dai a ganinmu wanda yake da haƙora gara ya ci gwaibar da kankanar haka nan, domin tukar da ake tacewa a zuba wa awaki ita ce take gyara ciki, take kuma hana sukari hawa da sauri.

Sukarin nan abin lura ne. Kofi ɗaya na ruwan lemu yakan cinye lemu uku, ga kuma abin da ake ƙarawa a zoɓo da kunun aya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada babba ya wuce misalin giram 50 a rana, wato ƙananan cokula 12, rabin haka ma ya fi, ta kuwa lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace a ciki. Likitocin Ingila suna cewa ƙaramin kofi ɗaya a rana ya isa, misalin mililita 150. Sitiroyid kansa yana ɗaga sukarin jini, yana ɗaga hawan jini. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar, ko yana shafe jiki duka da mai ƙarfi, ya auna sukarinsa da jininsa kafin ya cika cikinsa da zaƙi.

Tsabta kuma ta fi duka. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina tana cikin waɗanda suka sha wuya. Ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, da gorar roba da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama, sun isa su kawo ta. A watan Maris na 2021 ɗin kuma ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta asibiti, waɗansu suka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da garin ɗanɗano da ɗan tsami marar kyau. Mai son tsami yana da tsamiya.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu cewa a daina cin abinci kwana bakwai ko goma a zauna a kan ruwan 'ya'yan itace kaɗai. Fatar da take zuba kamar dusa kullum nama ne yake fita daga jiki, sai kuwa an mayar da shi. Ruwan kankana ba ya gina fata. Wake ne yake ginawa, da gyaɗa, da ƙuliƙuli, da awara, da ƙwai, da nono, da kifi, da nama in an samu. Akwai al'adar hana mai ciwon fata ƙwai da gyaɗa da kifi da nono gaba ɗaya. In an ga a fili cewa wani abinci yana tayar masa da borin jini ko kumburin baki duk lokacin da ya ci, a bar wannan ɗaya a gaya wa likita. In ba haka ba, a ba shi ya ci.

Wannan magana ta fi nauyi a kan yara, ta fi nauyi kuma a nan wurinmu. A watan Yuni na 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna ƙananan yara a Ƙaramar Hukumar Mashi, ta tarar kashi 27.4 cikin 100 suna da tamowa, kashi 7.1 kuwa tasu ta yi tsanani. Tamowa ma tana da tata cutar fata. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa ta yi baƙaƙen tabo tana saɓulewa kamar tsohon fenti, ba man kemis yake nema ba, ba kuma ruwan lemu ba. A kai shi wurin da ake jinyar tamowa a ranar. Jariri kafin wata 6 nono kaɗai ya ishe shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2017 kada a ba yaro ruwan 'ya'yan itace kafin ya cika shekara, domin yana cika ɗan cikinsa ya hana shi cin abin da zai gina shi. In kuɗin cefane bai isa duka biyu ba, a sayi wake da ƙwai.

Bakin mutanen gida

Wadda ta shiga wannan hali ta hanyar bilicin tana da wata wahala ta musamman. In ta daina, launinta yakan koma, har na ɗan lokaci ya fi na dā duhu, da dabbare-dabbare a kumatu da gaɓoɓin yatsu. A daidai nan ne yawanci ake komawa ga robar. Zafin fata ana iya daurewa, amma habaicin dangin miji da dariyar ƙawaye a gidan biki sun fi wuyar ɗauka.

A watan Fabrairu na 2023, a Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa duka. Dokar hukumar ta hana sa sitiroyid ko zaiba a man kwalliya. Akan ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man ƙara haske. Wannan lissafi ya samo asali ne daga binciken da aka yi tsakanin 'yan kasuwar Legas a 2002, don haka ba za mu ɗora shi a kan ƙauyukanmu ba. Amma a 2025 BBC ta ba da labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin man nan domin dangi sun fi nuna so ga jikoki masu haske, yaran suka ƙare da ƙuna da tabo. Duk wanda ya ga yadda ake gyaran amarya a 'yan shekarun nan ya san Kano ba ta da nisa.

Saboda haka jinyar ta gida duka ce. Maigida da ya taɓa yaba hasken, shi ne ya kamata ya fara cewa ya yarda da launin da ya auro. Uwar miji ta sauƙaƙa mata aikin rana da tsayuwa a bakin wuta na 'yan watanni. Matan zumunta in sun je gaisuwa kada kowace ta zo da nata haɗin. Rashin barci na watanni yana karya zuciya, in kun ga mai jinya ta daina magana, ta daina fita, ko tana zancen gajiya da rayuwa, ku zauna da ita, ku kuma faɗa wa likitanta.

Ga iyayen 'yan makaranta kuma, boren sitiroyid ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba dalilin ajiye shi a gida zango guda. Makero da ƙazuwa ne suke yaɗuwa, su ma da an fara maganin da ya dace yaro yana iya komawa aji. Ku zo ku gaya wa malamin ajin abin da likita ya ce. Za a sa yaron a inuwa, a ɗauke masa sharar fili a kwanakin ƙura, a kuma kwaɓi masu tsokana. Ku sa masa ɗan gwangwanin man kaɗanya a jaka domin ya shafa lokacin tara, da gorar ruwansa. A bangon littafinsa na baya ku riƙa rubuta ranar da boren ya tashi da ranar da ya lafa, ku tafi da littafin duk ran da za a koma asibiti.